Ɗari ya shigo: wane mai sana'a za mu kira?

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas. A Boso da Difa da sauran garuruwan bakin Komadugu, dare yana yin sanyi ƙwarai. Tsofaffi da jarirai da mata masu jego su suka fi jin jiki. Don haka kowane gida yana neman wuta: wani ya hura itace, wani ya shiga ɗaki da kaskon garwashi, wani ya kunna gas.

To, wuta tana da amfani, tana kuma da haɗari. Tun daga 2015 da rikici ya tada mutane daga garuruwansu, iyalai da yawa sun zauna cikin bukkokin zana da tamfol. Irin wannan ɗaki, tartsatsi guda ya isa ya cinye shi. Shi ya sa in abin jin ɗumi ya lalace, bai kamata a ba kowa gyara ba. Kowane aiki da mai shi.

Aikin maƙeri

In murhun ƙarfe ya hudu, ko ƙafarsa ta karye, maƙeri za a kai ma. Tun shekarun 1980 maƙeran Nijar suke ƙera murhun nan da ake kira Mai Sauƙi, wanda ba ya cin itace kamar murhun duwatsu uku. In za ka saya, tafi da tukunyarka. Maƙerin kirki zai ɗora ta ya gwada. Ya kamata ta zauna daram, da ɗan fili kaɗan tsakaninta da bangon murhu inda hayaƙi zai bi. Taɓa ƙarfen ka ji kaurinsa. Ƙarfe marar kauri ba ya daɗewa, wuta ce ke cinye shi. Ka aza murhun a ƙasa, ka tura shi da hannu. In yana rawa, bar shi, don yaro na iya kifar da shi.

Aikin magini

In ɗaki yana riƙe hayaƙi, ko murhun laka ya tsage, wannan na magini ne. Ga yadda za ka gane gwani: kafin ya taɓa laka zai duba inda iska ke shiga da inda hayaƙi ke fita. Wanda ya ce a toshe kowace kafa don kada sanyi ya shigo, bai san aikinsa ba.

Ga dalili. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki, yana fitar da wata iska mai guba. Ba ta da wari, ba ta da launi. Likitoci suna kiran ta kabon monoksaid. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke bukata. Mutum ya fara ciwon kai, da jiri, da amai, jiki ya mutu. Mai barci kuwa ba ya jin komi, sai dai a wayi gari a tarar da shi. In mutanen ɗaki guda suka tashi da ciwon kai tare, a buɗe ƙofa, a fitar da su waje su sha iska, a kai su asibiti maza-maza. Kuma kada a kwana da garwashi a ɗaki. A ɗumama ɗakin, a fitar da kasko kafin a kwanta.

Aikin mai gyaran gas

Tun da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011, gas ya yawaita a ƙasa. A 2016 kuma hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira ta raba tukwanen gas ga gidaje da yawa a jihar Difa. Gas ba aikin maƙeri ba ne, ba kuma na mai facin taya ba. A koma wajen mai sayar da shi a tambayi wanda ya koyi gyaran. Wanda ya iya, da ruwan sabulu yake neman inda gas ke tsiyaya: in kumfa ya taso, nan ne. Wanda ya ƙyasta ashana don ya gwada, a sallame shi nan take. Tiyon da ya tsage ba a ɗaure shi da roba, sabo ake sakawa. Bayan gyara a duba harshen wuta. Shuɗi shi ne daidai. In ja ne, yana baƙanta tukunya, da sauran aiki. A tuna fa, gas na girki ne, ba a barin shi kunne a rufaffen ɗaki don jin ɗumi.

Kafin a ba da aiki

Ko wane ne za ka kira, fara da tambayar maƙwabta: wa ya yi muku, kuma aikin ya yi ƙarko? Je ka ga aikin da idonka. Zaɓi wanda yake da rumfa ko gida da aka sani, don in abu ya ɓaci ka san inda za ka same shi. Ku yi ciniki tun farko a gaban shaida. Tunda yanzu mun iya rubutu, a rubuta kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. Ka ba da kafin alƙalami, sauran sai an gwada a gabanka. Kada araha ta ruɗe ka. Jikka guda da ka rage yau ba ta kai ɗakinka da ran iyalinka ba.

Ƴan uwa, kada mu jira sai ɗari ya kama. Tun watan Nuwamba a duba murhu, a duba tiyo, a duba kafar hayaƙi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki?
2. Yaya ake gane inda gas ke tsiyaya?
3. Waɗanne abubuwa ne za a rubuta kafin a ba mai sana'a aiki?