Wayar batirin moto: a dubi jan ƙarfe, kada a dubi roba

Ƴan uwa manoma da makiyaya, yau moto ya zama jakin zamani a karkara. Shi ke kai albasa kasuwar Galmi, shi ke kai mai naƙuda likita da tsakar dare. To, wani lokaci sai ka danna demarer, ka ji ƙas-ƙas, fitila ta dushe, moto ya ƙi tashi sai an taka kik. Mutane da yawa sai su sayi sabon batiri, alhali laifin na waya ne.

Aikin wayoyin nan

Batirin galibin motocin yanzu volt 12 ne. Manyan wayoyi 2 ke fita daga gare shi. Ja tana kan alamar tarawa (+), ita ke kai wuta wajen demarer. Baƙa ko koriya tana kan alamar ɗebewa (−), an ɗaure ta a jikin ƙarfen moto; ita ce makanikai ke kira mas. Wajen tashi, demarer yana jan wuta fiye da fitila da oda a haɗe.

Mai noman rani ya san haka: in aka sa wa injin ban ruwa siririn tiyo, ruwa kaɗan ke isa fangali. Haka wuta take. Siririyar waya tana tauye ta, ta yi zafi, har roba ta narke. Ga kuma tankin mai kusa.

Abin da za a duba a kasuwa

1. A tafi da tsohuwar waya, a gwada da sabuwa. Tsawo ya zama ɗaya. Gajera tana tsinkewa, mai tsawo da yawa tana goga a jikin inji.

2. A dubi kaurin ƙarfen da ke ciki. Wata waya roba ce ta yi kauri, cikinta ba komi. Sabuwa ta kai tsohuwa kauri ko ta ɗara ta, kada ta gaza.

3. A kankare bakin wayar da wuƙa. In ja ne har ciki, jan ƙarfe ne na gaske. In fari ya fito, alminiyom ne, irin na tukunya, aka shafa masa ja. Wutar da yake ɗauka kamar kashi 6 cikin 10 ne na jan ƙarfe, kuma yana saurin karyewa.

4. Ta kasance mai silli-silli da yawa, mai lanƙwasuwa. Wayar gida mai silli ɗaya ba ta jure girgizar hanyar karkara.

5. Zoben da ke bakinta ya matse wayar ƙam, raminsa ya yi daidai da ƙusar batiri. Kada a naɗa waya tsirara a kan ƙusa.

6. Ja a madadin ja, baƙa a madadin baƙa, don kada wani ya juya su ya ƙona kayan wuta.

Wajen ɗaurawa

A kashe moto, a zare makulli. A fara kwance mas, sannan ja. Wajen mayarwa a fara da ja, mas daga ƙarshe. Dalili kuwa, muddin mas na ɗaure, in ƙarfen kwancewa ya taɓa ja da jikin moto tare, wuta za ta yi tartsatsi.

In an ga farin gari ko kore a kan batiri, a goge da ruwan kanwa, amma kada ya shiga cikin batirin. A busar, a ɗaure tamau, a shafa ɗan giris. Inda mas ke kama jikin moto, a kankare tsatsa da fenti.

Ƴan uwa, waya mai kyau ta fi ta banza tsada, amma kuɗinta bai kai na batiri ba, balle na moton da ya ƙone. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa.