Ramuka shida ko biyar: Yadda aka sauya wa tsofaffin bindigogin kaboyi harsashi

Duk mai kallon finafinan kaboyi ya san bindigar hannun nan mai silinda, wato dunƙulen ƙarfe mai ramuka shida da ke juyawa, wadda sai an ɗana ta da babban yatsa kafin kowane harbi. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda aka yi yawo da su a yammacin Amurka bayan 1870 tsofaffi ne da aka yi wa kwaskwarima domin su karɓi sabon harsashi.

A lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, ana yi wa yawancin bindigogin hannu ɗuri ne kamar adaka. Soja zai zuba albarushi a kowane rami, ya danna dalma, sannan ya maƙala ɗan abin tayar da wuta a baya. Aikin na cin lokaci, kuma damshi kan ɓata albarushin.

Alhali tun 1855 wani tsohon ma'aikacin kamfanin Colt mai suna Rollin White ya yi rajistar haƙƙin ƙirƙirar silinda mai ramukan da suka huda har baya, wadda ake iya zura mata harsashi mai kwanson ƙarfe. Kamfanin Smith & Wesson ne ya samu izinin amfani da fasahar shi kaɗai, inda yake biyan White santi 25 a kan kowace bindiga. Hakan ya ɗaure hannun sauran kamfanoni har zuwa 1869 da wa'adin rajistar ya ƙare. White ya nemi ƙarin wa'adi, majalisar dokoki ta ba shi damar sake shigar da buƙatarsa, amma Shugaba Ulysses Grant ya ƙi sa hannu a 1870.

Kafin nan, a 1868, kamfanin Remington ya biya Smith & Wesson kuɗin izini domin sauya bindigoginsa na soja. Harsashin da aka zaɓa, mai lamba .46, ya fi ramukan asali kauri, don haka sabuwar silindar ta zo da ramuka biyar maimakon shida.

Dalilin shi ne, silinda ce ke ɗaukar ƙarfin fashewar albarushi. Duk lokacin da aka faɗaɗa rami, bangon ƙarfen da ke kewaye da shi na ƙara sirancewa, idan kuma ya gaza, a hannun mai harbin zai tarwatse.

Shi kuwa Colt, bayan faɗuwar shingen, ya yi amfani da dabarar injiniyansa Charles Richards ta 1871, ya sauya dubban bindigogin ƙirar 1860. Sun fi sababbi araha, shi ya sa suka samu kasuwa ko bayan fitowar shahararriyar Single Action Army mai harsashi .45 a 1873.

Matsalar bango ta sake bayyana a shekarun 1920, lokacin da silindar wata Colt .45 ta fashe a hannun Elmer Keith, wani makiyayi kuma marubuci kan bindigogi, sakamakon ɗuri mai ƙarfi. Keith ya koma kan harsashin .44 Special, wanda raminsa ya fi ƙanƙanta, bangonsa ya fi kauri. Gwaje-gwajensa ne suka share fagen fitowar .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950.

A yau kamfanin Ruger na sayar da wasu bindigogin Blackhawk da silinda biyu, ɗaya ta .357 Magnum, ɗaya ta harsashi mai milimita 9, kuma a masana'anta ake daidaita kowacce da bindigarta. Ƙwararrun maƙera da ke haɗa bindigogin farautar manyan namun daji kuma har yanzu suna bin sawun Remington: idan harsashi ya yi kauri, sai su haƙura da rami na shida.