Daga Marisuwa zuwa Korona: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Annoba da Tabon da Take Bari

Layin dogo ya iso Kano a 1911. Bayan shekara bakwai, hanyar da ke kawo gishiri da atamfa tana kwasar gyaɗa ita ce annobar mura ta 1918, wadda dattawa ke kira Marisuwa, ta biyo. Jirgin ruwa ne ya sauke ta a Legas cikin watan Satumba, ta yi ta tsallake daga tasha zuwa tasha, cikin 'yan makonni ta shigo Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta hallaka mutum kusan 500,000 a Najeriya. Idan kuna zaune a Fagge ko Sabon Gari, ko kuna neman abincinku a bakin tasha, wannan bayani naku ne.

Mece ce annoba, kuma mene ne bairos?

Ana cewa annoba ta ɓarke idan cuta ɗaya ta kama mutane da yawa a lokaci guda fiye da yadda aka saba gani. Bairos kuwa ƙwayar cuta ce mitsitsiya wadda ido ba ya gani. Ba ta iya hayayyafa sai ta shiga jikin mai rai. Mura, ƙyanda, shan inna, zazzaɓin Lassa da korona duk aikin bairos ne. Ku lura da wannan: kafson da ake saya a kemis, wato antibayotik, bakteriya yake kashewa, wata ƙwayar cuta ce daban. Ba ya taɓa bairos.

Me ya haɗa tasha da yaɗuwar cuta?

Bairos na yin kwanaki a jiki kafin alamunsa su fito. Fasinja na iya shiga tarago garau, ya kwana a cikin cunkoso, tagogi a rufe, yana numfashi da tari kusa da wasu. Da ya sauka, ɗan dako ya ɗauki kayansa, mai shayi ya miƙa masa kofi, ɗan adaidaita sahu ya kai shi gida. Kowannensu kuma yana da iyali. Shi ya sa a watan Maris na 2020, da korona ta ɓulla, hukumar jiragen ƙasa ta dakatar da ɗaukar fasinja.

Yaya ake daƙile annoba?

Matakan a jere suke. Na farko gwaji, don a san wace cuta ce. Na biyu killace marar lafiya, wato a ware shi har ya daina yaɗawa. Asibitin Zana da ke titin Faransa, kusa da ku, an gina shi ne don irin waɗannan cututtuka. Na uku bibiyar duk wanda ya yi mu'amala da shi. Na huɗu wanke hannu da sabulu, sanya takunkumi da buɗe tagogi. Na biyar riga-kafi, wanda ke koya wa garkuwar jiki gane bairos tun kafin su haɗu. Dokar kulle ita ce ta ƙarshe, sai abu ya fi ƙarfin sauran.

Kano ta ga wannan da idonta. An tabbatar da korona a jihar ranar 11 ga Afrilu 2020, kulle ya biyo baya cikin kwanaki. A makonnin nan mace-macen dattawa suka yi yawa har masu haƙar kabari suka koka. Daga baya Ministan Lafiya na wancan lokacin, Osagie Ehanire, ya ce binciken gwamnati ya nuna rabi ko fiye na waɗannan mace-mace na da alaƙa da korona.

In an warke, ba shi ke nan ba?

Ba kullum ba. Zazzaɓi na iya sauka amma ɓarnar ta zauna. Shan inna kan bar yaro da shanyewar ƙafa har abada. Zazzaɓin Lassa kan kurmantar da wasu daga cikin waɗanda suka tsira. Ƙyanda na raunana garkuwar yaro, sai ciwon huhu ko gudawa su samu ƙofa, kuma tana iya makantarwa. Bairos ɗin ciwon hanta nau'in B kan yi shekaru shiru, sannan ya lalata hanta ko ya jawo ciwon daji.

Korona ma tana da nata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana doguwar korona da cewa alamu ne da ake fama da su wata uku bayan kamuwa, su ɗauki aƙalla wata biyu, ba tare da wani dalili daban ba. Mafi yawa su ne kasala mai tsanani, haki, mantuwa da rashin jin ƙamshi ko ɗanɗano. Ɗan dakon da a da yake saɓa buhu ya haye da shi, yanzu taku kaɗan sai ya dafa bango. Wannan ba ragwanci ba ne, ciwo ne.

Su wa suka fi shiga haɗari?

Tsofaffi, masu ciwon suga ko hawan jini ko asma, mata masu juna biyu, yaran da ba a yi wa riga-kafi ba, da ma'aikatan asibiti. Sai dai doguwar korona na iya kama matashi majiyi ƙarfi, ko da cutar ba ta kwantar da shi ba da farko.

Nawa abin yake ci?

Allurar riga-kafin yara kyauta ce a asibitocin gwamnati, har da ta ƙyanda da shan inna da ciwon hanta. Sabulu da takunkumi kuɗinsu kaɗan ne. Mai tsada shi ne jinkiri. Kullen 2020 ya faɗo cikin azumi, aka rufe Kantin Kwari da Kasuwar Sabon Gari, wanda sai ya fita yake samun na cefane ya rasa madafa. Jinyar hanta ko huhu kuwa kan cinye jarin gida.

Me za ku yi?

Ku duba katin riga-kafin yaranku, ku cike abin da ya saura. Idan kuna zazzaɓi da tari, ku ɗaga tafiya, in ta zama dole ku sa takunkumi. Ku nemi gwajin ciwon hanta ko da ba ku jin komai. Idan kasala ko haki sun ƙi tafiya bayan watanni, ku ga likita, ku gaya masa lokacin da kuka yi rashin lafiyar farko. Idan kun ga cuta iri ɗaya tana kwantar da mutane a unguwa, ku sanar da asibiti mafi kusa ko mai unguwa, ko ku kira hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, NCDC, a 6232, kyauta ne.