Gishiri A Cikin Bota: Wacce Ta Fi Dacewa Da Mai Gashin Kek Da Burodi?

Kafin a shiga wannan bayani, ya kamata a warware wani ruɗani da ke cikin harshenmu. Kalmar "bota" aro ce daga Turanci, kuma a asalinta tana nufin man da ake fitarwa daga madarar saniya, watau abin da Bahaushe ya daɗe da sani da sunan man shanu. Amma a bakin mutane da yawa yanzu ta koma nufin wani abu dabam, kamar Blue Band da makamantansa, alhali kuwa waɗannan majarin ne, wanda wani Bafaranshe mai suna Hippolyte Mège-Mouriès ya ƙirƙiro a 1869, kuma a yau da man tsirrai ake yin akasarinsa. A nan dai muna magana ne a kan botar madara, wadda ake sayarwa iri biyu: mai gishiri da marar gishiri.

Asalin sa gishiri a bota ba don ɗanɗano ba ne, don ajiya ne. Bota ba zallar mai ba ce. Kimanin kashi 80 cikin 100 ne mai, wajen kashi 16 ruwa, sauran kuwa ɓurɓushin madara. A cikin wannan ruwa ne ƙwayoyin cuta ke samun wurin zama, gishiri kuwa yana narkewa a cikinsa ya hana su sakewa. Shi ya sa kafin zuwan firji, kasuwar bota ta birnin Kok a ƙasar Ailan ta riƙa tura ganguna cike da bota mai gishiri zuwa ƙasashe masu nisa. Fulani sun bi wata hanya dabam. Curin man da ake tsamowa daga ƙwaryar nono ba shi da gishiri ko kaɗan, kuma in ana son ya daɗe sai a soya shi, sau da yawa da albasa, har ruwansa ya ƙone. Matsala ɗaya ce, magani biyu.

To, ina ruwan mai gashi da wannan? Ruwansa shi ne awo. Gishirin da ke cikin bota yakan kai kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100, kuma kowane kamfani da nasa ƙa'idar. Ke nan ƙunshin giram 250 yana ɗauke da giram 4 zuwa 5 na gishiri, watau ya kusa cika cokalin shayi. Mai miya za ta ɗanɗana ta ƙara ko ta tsaya, amma wanda ya zura kwaɓin kek a tanda ba shi da wannan dama. Abin da ya shiga ya shiga. Saboda haka ne akasarin littattafan girki na Turai da Amurka suke cewa a yi amfani da marar gishiri, sa'annan a auna gishirin dabam. A ganina suna da gaskiya, domin gara mutum ya san abin da ya zuba da hannunsa da ya bar wa kamfanin da bai san abin da ake toyawa ba.

Ga burodi kuwa lamarin ya wuce ɗanɗano. Gishiri yana rage wa yis kuzari, yana kuma ƙara wa kwaɓi danƙo. Masu burodi sukan sa kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin fulawa. In burodin na bota mai yawa ne, aka kuma haɗa da mai gishiri ba tare da an rage na awo ba, kwaɓin zai yi jinkirin tashi, ɗanɗanon kuma ya yi kaifi. In cokali ɗaya ko biyu ne kawai za a sa, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Kada dai a ɗauka bota mai gishiri ba ta da gurbi. Yankin Biritani da ke arewa maso yammacin Faransa bai kasance cikin masu biyan tsohon harajin gishiri na ƙasar ba, don haka mutanensa suka saba da ita, har ta zama ita ce alamar biskit da kek ɗinsu. A can da gangan ake neman gishirin ya fito ya kara da zaƙin sukari. Bugu da ƙari, a ƙasa mai zafi inda wutar lantarki ba ta da tabbas, mai gishiri ta fi jure ajiya, kuma sau da yawa ita ce aka fi samu a kanti. Wanda ita kaɗai ya samu sai ya rage rubu'in cokalin shayi na gishiri a kan kowane giram 113 na bota.

Soyayyen man shanu kuwa, ko da yake ba shi da gishiri, ba zai maye gurbin bota kai tsaye ba. Ruwan nan da aka ƙone shi ne yake zama tururi a tanda ya taimaka wa kwaɓi ya buɗe, kuma shi kansa man ba ya riƙe iska sosai in an buga shi da sukari. Wanda aka soya da albasa ma, wurinsa miyar kuka ne.