Tsohuwar jita bas ta fara kuka: abin da za a duba kafin a tsinke wayoyinta

Da an fita damina aka shiga kaka, bukukuwan aure sukan yawaita a Tawa da garuruwan arewacin Adar, kuma lokacin ne ƴan jita ke samun na cefane. Lokacin ne kuma kayan kiɗa ke nuna halinsu. Jama'a ba su cika lura da jita bas ba, wadda ke da tsirkiya huɗu masu kauri, sai ranar da ta yi shiru a tsakiyar fili: nan take rawa ta yi sanyi, mai biki ya ɓata rai, kuɗin da aka yi ciniki ma sai an yi ta ja-in-ja. Galibin bas ɗin da ke hannun matasanmu tsofaffi ne, sun bi hannu da yawa kafin su iso. In ta lalace kuwa, kai ta Yamai tafiya ce ta fiye da kilomita 500.

Jiharmu ba baƙuwar jita ba ce. Mdou Moctar, ɗan yankin Azawak, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya ɗauki faifansa Anar a 2008. Les Filles de Illighadad, su Fatou Seidi Ghali, daga wani ƙauye na wajen Abalak suka fito har duniya ta san su. Hannu dai akwai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin abin da ke cikin cikin jitar, shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani, don makaɗa da masu gyaran radiyo da salula da ake kai wa aikin.

Bas iri biyu ce. Ta farko ba ta da batir. Ƙarƙashin tsirkiya akwai mikro, wato maganaɗisu da aka naɗe da wayar jan ƙarfe mai sirantaka kamar gashin kai. Tsirkiya na kaɗawa, sai ɗan kuran mai rauni ya taso, ya bi ta maɓallan murzawa, ya fita ta ramin da ake soka fish zuwa ampili. Haka Fender ya yi Precision a 1951 da Jazz Bass a 1960. Ta biyu tana da ɗan ƙaramin ampili a cikin jikinta, wanda masu gyara ke kira pirampili, yana cin batir mai volt 9. Music Man StingRay ta 1976 na cikin waɗanda suka yaɗa wannan tsari. Amfaninsa biyu: doguwar waya ba ta shanye tsinin sauti, kuma makaɗi na iya ƙara kauri ko kaifi, alhali marar batir ragewa kawai take iya yi. Sai dai duk abin da ke cin batir, ranar da batir ya ƙare shi ma ya ƙare.

To fa, a nan ake yawan asara. Bas ta fara kuka ko ƙarce-ƙarce, sai a ce pirampili ya ƙone, a tsinke komai. Mu a ganinmu shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a zarga. A fara da canza wayar da ke zuwa ampili, don ita ake takawa, ita ake ja. Sannan a auna batir da mita: in ya sauko wajen volt 7, sauti zai riƙa dishewa kamar muryar mai mura, musamman in an daki tsirkiya da ƙarfi. A duba kan batir ɗin ko ya yi tsatsa ko farin gari. Daga nan sai maɓallai. Ƙurar hunturu tana shiga cikinsu, shi ne wannan ƙarar kamar ana yaga takarda in ana murzawa. Feshin wanke kayan lantarki irin na masu gyaran radiyo ya isa, a fesa kaɗan a murza sau da yawa. Ban da man inji, ban da fetur.

Akwai wani sirri a ramin fish wanda makaɗa da yawa ba su sani ba. Bas mai batir ba ta da makunni. Ramin ne makunninta. Ƙafa uku gare shi, ba biyu ba: ɗaya ta sauti, ɗaya ta mas, ta uku kuma baƙar wayar batir ke zuwa gare ta. Da ka soka fish, jikinsa ya haɗa ta ukun da mas, pirampili ya tashi. Ka ga kenan wanda ya kwana da waya a soke, batir na ta ci har gari ya waye ko da ampili a kashe yake. Haka nan mai gyara in ya cire wannan rami ya sa mai ƙafa biyu, ko dai bas ta yi shiru ɗungum, ko ya haɗe baƙar wayar da mas kai tsaye, batir ya riƙa mutuwa cikin ƴan kwanaki ana zagin mai kanti.

Gunjin nan mai “huuu” kuma daban yake. Daga kuran yake zuwa, wanda a ƙasarmu volt 220 ne mai juyi 50 a daƙiƙa, kuma yakan ƙaru kusa da injin wuta da wasu fitilu. Gwajinsa da hannu ake yi. In ka taɓa tsirkiya gunjin ya ragu, mas na nan lafiya, ramin wayoyin ne ke son a shafe shi da takardar jan ƙarfe ko ta alminiyom a haɗa ta da mas. In bai canza ba sai ka taɓa ƙarfen fish, to siririyar wayar da ke ƙarƙashin jakin ƙarfen da tsirkiya ke hawa ta tsinke. In kuwa taɓawar ƙara shi take yi, wani ya juya wayoyi biyu na ramin fish.

Wannan wayar ta jaki tana da wani gefe da ba wasa a ciki. Ita ke haɗa jikin makaɗi da ƙarfen ampili. In kuran ya zubo cikin ampili, ko makirfo na kan wani layi daban, mutum ne zai zama hanyar wuta. A 1972 mai jita Leslie Harvey ya mutu a kan dandali a Swansea, ƙasar Birtaniya, da ya taɓa makirfon da ba shi da mas. Saboda haka duk wanda ya ji tsirkiya ko makirfo na ɗan cizonsa a leɓe, a tsai da wasa a duba ampili da injin wuta. Ba bas ce ke da laifi ba, batir mai volt 9 ba ya jan mutum.

In an bi duk wannan, aka tabbatar pirampili ne, har yanzu da sauran dabara. A auna mikro tukuna, bayan an sake wayarsa: mai lafiya yakan nuna kilo'om 7 zuwa 11 ko kusa da haka, wanda ya tsinke ba ya nuna komai. Sannan a dubi farantin. Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana busar da ƙananan kondansata masu kama da gwangwani, balle jitar da ke yini saman mota a rana. Sau da yawa su kaɗai za a canza, a lura da ƙafar da ke da alamar ragi. Wasu tsofaffin faranti an dulmuya su cikin baƙin danƙo mai tauri, waɗannan kam ba su gyaruwa.

Wanda zai canza duka, ya ɗauki hoton wayoyin da salula kafin ya taɓa komai, ya zana su a takarda, ya rufe jikin jitar da tsumma don ɗigon dalma na cin fenti. Ƙarfen dalma mai wat 30 zuwa 40 ya isa. Bayan maɓalli yana son zafi da sauri. In an daɗe a kai, cikinsa ke lalacewa. Kada a kusanci inda siririyar wayar mikro ta fito, tsinkewarta ita ce babbar asara. Lambar maɓalli ma ba a yi mata kintace. Marar batir irin ta Fender 250K take so, tare da kondansata mai lamba 473. Mai batir sau da yawa 25K ko 50K ce, a bi takardar da ta zo da sabon pirampili. Na ƙarar sauti a nemi mai harafin A, don mai B duk ƙarfinsa a wuri guda yake taruwa.

Ga mai wasa a ƙauyukan da samun batir mai volt 9 na kirki sai an aika Tawa ko Ƙonni, shawararmu ita ce a sa maɓallin da ake ja sama ya tsallake pirampili, sauti ya fita kai tsaye. Batir ya mutu a tsakiyar biki, ka ja, ka ƙara ampili, wasa ya ci gaba. Wasu ma sukan maida ita marar batir gaba ɗaya, kuma ba mu ga aibinsa ba, don kiɗan jitar Azawak tsayayyen bugu yake so daga bas, ba ado ba. Amma a tabbatar mikro ɗin ba irin na EMG ba ne mai ampilinsa a ciki, wanda ba ya magana sai da batir.

Abin da aka cire kuma kada a zubar. A sa shi a leda a aje cikin jakar jitar, don masu sayen tsofaffin jita suna biyan kuɗi mai kauri in kayan asali na nan. Maɓallan ma su ke faɗin shekarun jitar Amurka: in ka ga 137 a bayansu, kamfanin CTS ne ya yi su, lambobin da ke biye kuma shekara ce da mako. 1377612 na nufin mako na 12 na 1976. Kafin ka sayar da tsohuwar bas da ka gada daga wani yayanka a farashin ta kasuwa, buɗe murfin ka karanta wannan lambar.