Kafin mutum ya kwanta, dabba ta riga ta faɗi

A farkon shekarar 2010 agwagi suka fara ƙarewa a wasu ƙauyukan Zamfara. Ba wanda ya kai maganar gaba, domin mutuwar agwagwa ba abin sanar da hakimi ba ne. Ba a daɗe ba yara suka fara suma da jijjiga suna mutuwa a Dareta da 'Yargalma da maƙwabtansu, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Likitocin agaji na ƙungiyar MSF ne suka ankarar da hukuma, bincike kuma ya gano gubar dalma. Ana kawo duwatsun zinare cikin gida a daka, a niƙa, ƙurar ta bi ƙasa da ruwa. Yara sama da 400 suka rasu. Daga baya masu binciken hukumar CDC ta Amurka suka ce mutuwar agwagin nan gargaɗi ne da ya wuce ba a lura ba.

Irin wannan darasi ne ya sa ake ta jin tsarin da ake kira Lafiya Ɗaya, wato a daina raba lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli. Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na cututtuka masu yaɗuwa da aka sani a jikin mutum daga dabba suke, kuma uku cikin huɗu na sababbin da ke ɓullowa ma haka. Najeriya ta ƙaddamar da shirinta na shekara biyar a 2019, wanda ya haɗa ma'aikatun lafiya da noma da muhalli. A 2022 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga ƙawancen da hukumomin lafiya da abinci da lafiyar dabbobi na duniya suka riga suka ƙulla.

Dalilan da ke sa cuta tsallakowa daga dabba zuwa mutum ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya san karkarar Arewa da kudancin Nijar. Gonaki sun cinye burtali, mashaya ta yi ƙaranci, mutum da garke suna ɗiba a tafki guda. Garuruwa sun kutsa cikin daji. Ga kuma fataucin dabbobi: sa da aka saya a kasuwar Maigatari ko Potiskum yana iya kaiwa mayankar Legas cikin 'yan kwanaki, da duk abin da ke jikinsa.

Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ya nuna yadda lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli suke haɗe. Wani nau'in ɓera ne ke ɗauke da ƙwayar cutar a fitsari da kashinsa. Cutar takan yi ƙamari da rani, lokacin da aka ƙona daji, abinci ya ƙare a gona, ɓeraye suka koma rumbu da ɗakin girki, ga kuma amfanin gona an shanya a gefen titi. Kafin marar lafiya ya isa asibiti an riga an yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro sau biyu ko uku a kemis, daga nan kuma sai ma'aikatan jinya su shiga haɗari. A Janairun 2020 Kano ta yi rashin likitoci ta wannan hanya. Likita yana iya jinyar wanda ya kamu, amma ba shi da iko kan juji da rumbu. Wannan aikin duba-gari ne, kuma shi ne ɓangaren da aka fi mantawa da shi idan ana rabon kuɗi.

A Nijar, daminar 2016 ta zo da zazzaɓin Rift Valley a yankin Cintabaradan na jihar Tawa. Sauro ne ke yaɗa shi tsakanin dabbobi, mutum kuma yakan ɗauka wajen yanka, ko taimakon dabba mai haihuwa, ko shan ɗanyen nono. Alamarsa ta farko ɓarin tumaki da awaki ne ba ƙaƙƙautawa, kuma makiyaya sun ga hakan tun kafin labarin mutuwar mutane ya kai Yamai. Sama da mutum 30 suka rasu, a daidai lokacin da garkuna ke taruwa don bikin lasar gishiri na Ingal.

A nan gizo ke saƙa. Wanda yake fara ganin alamar cuta makiyayi ne, ko mai gonar kaji, ko mahauci, kuma shi ne zai fara asara idan ya buɗe baki. Da aka tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna a Fabrairun 2006, karo na farko a Afirka, gwamnati ta sa a kashe kajin da cutar ta shafa, ta yanka diyyar naira 250 kan kowace kaza. Kuɗin bai kai farashin kasuwa ba, kuma bai zo da wuri ba. Mai hankali ya san abin da zai biyo baya: kaza ta fara gyangyaɗi, a yi maza a kai ta kasuwa. Kafin watan Fabrairun ya ƙare an tabbatar da cutar a Magarya ta Nijar, a farkon 2007 kuma ta kashe wata matashiya a Legas. Sai da aka gyara tsarin diyya, da rancen dala miliyan 50 daga Bankin Duniya, sannan masu kaji suka fi sakin jiki da jami'an dabbobi.

Haka yake a kara da mayanka. Saniyar da ta kusa mutuwa ana hanzarta sa mata wuƙa don kada ta zama mushe, a sayar da naman da rahusa. Ga addini ta halatta, ga aljihun mai ita an rage asara, amma ta wannan hanya cututtuka irin su antaraks da tarin fukan shanu suke samun ƙofar shiga gida. Ba mugunta ba ce. Mutumin da saniya ce dukan jarinsa ba zai binne ta don takardar gargaɗi ba.

An ɗan ga amfanin haɗa kai a 2023. Antaraks ta ɓulla a arewacin Gana a watan Yuni, hukumomin Najeriya suka yi shelar gargaɗi tun kafin ta iso, har da jan kunne kan cin ganda. Da aka ga dabbobi suna zubar da jini ta hanci da baki a wata gona kusa da Suleja a watan Yuli, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ke aiki tun 1924, ta tabbatar da cutar, aka killace gonar, aka shiga rigakafin dabbobi, hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC kuma ta bi sawun mutanen da suka taɓa su.

Sai dai wannan gona ce a bakin babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna, inda jami'i zai iya zuwa da safe ya koma da yamma. A dazukan Zamfara da Katsina da bakin Tafkin Cadi, rashin tsaro ya hana malaman dabbobi shiga rugage da yawa, garkuna kuma suna tsallaka iyaka ba tare da kowa ya duba su ba. A irin waɗannan wurare labarin ɓarin tumaki ko mutuwar shanu yana hannun arɗo da sarkin fawa da dillalan kara ne, kuma har yanzu taron Lafiya Ɗaya ya fi yawa a ɗakunan taro na Abuja da Yamai, inda ba kasafai ake gayyatarsu ba.