Rumfar ƙofar gida: sai da izini ko kuwa?

Kaka ta yi. An sayar da wake da gujiya da aya, kuɗi sun shigo hannu. Lokacin gyaran gida ke nan. A rangadin da muka yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci a yankin Cadakori, wani dattijo ya tambaye mu: "Malam, ina so in kafa rumfar kwano a ƙofar gidana. Sai na nemi takarda?"

Muka ce masa: "Baba, ina za ka kafa dirkokin?" Amsar tana nan.

In rumfar kara ce a cikin gidanka, a ƙauye, ba a saba neman takarda ba. Fili naka ne, inuwa taka ce. Amma da zarar dirka ta ƙetare bangon gida ta faɗa kan hanya, magana ta sake. Hanya ta jama'a ce. Ko shekara talatin ka yi kana share ƙofar gidanka, ba ta zama taka ba. A 2016 hukuma ta rushe rumfuna da shaguna masu yawa da aka kafa a bakin titunan Yamai. Masu su sun yi asarar kwano da itace da wurin sana'a.

A garuruwa kamar Agye da Gazawa da Gidan Runji akwai unguwannin da hukuma ta yanka filaye, ta kafa duwatsun iyaka. Can, mai son gina baranda da bulo da siminti ya fara zuwa ofishin magajin gari da takardar filinsa, ya tambayi izinin gini. Ƙasarmu ta yi dokar tsarin birane a 2017, da dokar gini da muhalli a 2018. A Afrilun 2024 an rusa majalisun gundumomi, aka naɗa masu riƙo, amma ofishin dai shi ne wurin tambaya. A ƙauye kuwa, a ga mai gari. Shi ne shugaban kwamitin filaye na gari, wanda ya samo tushe daga dokar karkara ta 1993. In an yi gardamar iyaka, can ake fara kai ta.

Abin da ya fi damunmu shi ne ruwa. Kara yana shan ruwa ya zubar a hankali. Kwano kuwa tara shi yake ya watsa a wuri ɗaya. In gangarensa ya kalli bangon laka na maƙwabci, damina ɗaya ta isa ta cinye gindin bangon. Mun ga yadda gidajen laka suka yi ta faɗuwa a jihar Maraɗi a daminar 2024, har aka rasa rayuka. Haka kuma dakalin da ya tare hanyar ruwa. Ruwan ba zai koma sama ba. Ko ya shiga gidan wani, ko ya kwanta a lungu. In ya kwanta kamar mako ɗaya ko kwana goma, sauro ya ƙyanƙyashe, masassara ta kama yara. Wanda ya kwana da yaro a asibiti cikin watan Satumba ya san kuɗin magani na iya fin na kwano.

Kada a manta da amalanke. Lungun da aka matse, ta ina za a shigo da dammunan hatsi, ko a fitar da taki zuwa gona? Ta ina za a fitar da mace mai naƙuda da dare?

Dattijon nan ya ji maganarmu. Ya kira maƙwabcinsa da mai gari, suka auna wurin da igiya. Aka sa yaro ya koro amalanken shanu ya wuce, aka ga dirka biyu za su tare hanya. Sai ya janye su kamu uku, ya juya gangaren kwano zuwa cikin gidansa, inda ya dasa zogale. Da muka koma bayan wata biyu, a inuwar rumfar muka tarar da ƴan ajinsu suna bitar karatu.